Masu Shiru-shiru a Zango: Abin da Suke Buƙata Daga Gare Mu Ba Shi da Yawa

Duk zangon da ka shiga a Kudu, ko Agege ne, ko Sabon Ibadan, ko Ama Hausa ta Owerri, ko Lokpanta, ba za ka rasa irin mutumin nan ba. Yana riga kowa tashi, ya naɗe tabarmarsa ya jingine ta a kusurwar da yake jingine ta kullum. Butarsa daban, kofinsa daban. In an zauna majalisa bayan isha'i, da wuya ya wuce minti goma bai ce sai da safe ba. Wasu su ce miskili ne, wasu su ce girman kai ke damunsa, wasu ma su ce mai irin wannan shirun ba a san abin da ke cikinsa ba. Amma ranar da ake neman wanda zai riƙe kuɗin adashe ko makullin sito, sunansa ake fara ambata.

Abin da nake son mu duba ke nan. Muna morar amanar waɗannan mutane da tsarinsu, amma yadda muke zama a Kudu kusan kullum takura su yake yi, kuma yawancinsu ba za su buɗe baki su faɗa ba. Sai dai wata rana ka ji wane ya bar ɗaki, ko ya ajiye wa Alhaji aiki ya koma gida, kowa yana tambayar me aka yi masa. Alhali abubuwan da suke buƙata ƙanana ne, kuma galibinsu ko kwabo ba sa ci.

Wane irin hali ne wannan?

Masu yawo a Facebook da TikTok sun sha cin karo da gwajin nan da ke ba mutum haruffa huɗu, a ce wai su ne halinsa. Asalinsa daga wani likitan ƙwaƙwalwa ne ɗan ƙasar Suwizalan mai suna Carl Jung, wanda a 1921 ya yi bayanin cewa wasu mutane hankalinsu ya fi karkata waje wurin jama'a, wasu kuma ya fi komawa ciki. Daga baya wasu mata biyu a Amurka, Katharine Briggs da 'yarta Isabel Myers, suka ɗora a kai suka kasa mutane gida 16. Wanda muke magana a kansa, wato mai shiru, mai bin abin da ya gani da idonsa, mai son komai a tsare, shi suka sa wa ISTJ.

Kada kowa ya ɗauki haruffan nan kamar sakamakon gwajin jini. Masana da yawa ba su gamsu da gwajin ba, don mutum yakan yi shi yau ya samu wasu haruffa, ya sake yi bayan 'yan makonni ya samu wasu. Abin da dai ba a musu a kai shi ne mutane sun bambanta wajen yawan cuɗanyar da za su iya ɗauka, sun kuma bambanta wajen son tsari. Bahaushe ya riga ya san wannan tun da ya ce hali zanen dutse. Ga wani, hira abinci ce, in bai yi ba sai ya ji ba daɗi. Ga wani kuwa hira aiki ce: zai iya yi, har ya yi ta da kyau, amma in ya gama sai ya huta kamar wanda ya sauke lodi.

Me ya sa zaman Kudu ya fi matse su

A gida Arewa, mai irin wannan hali yana da wurin tserewa. Akwai zaure, akwai gona, akwai gindin bishiya a bayan gari. A nan kuwa haya ce ke hukunci. Mai gida a Legas ko Fatakwal zai nemi kuɗin shekara guda a dunƙule, ga na ejan, ga na takarda, shi ya sa samari shida ko takwas suke haɗa kuɗi su kama ɗaki ɗaya. Wasu a shago suke kwana, wasu a barandar masallaci. Ga ƙarar janareto, ga lasifika ta kowane ɓangare, ga hon ɗin motoci har tsakar dare.

Sannan ga al'adarmu ta karɓar baƙo, wadda a kanta aka gina zangon ma baki ɗaya. Sabon Ibadan tun 1916 take, kuma ginshiƙinta shi ne mai gida da ke saukar da fatake, ya ba su makwanci, ya tsaya musu a ciniki. Har yau duk wanda ya sauko daga mota da jakarsa yana da haƙƙin a matsa masa. Wannan alheri ne, shi ya riƙe mu a ƙasar da ba tamu ba. Sai dai mai son shiru shi ke biyan kaso mafi tsada, don shi ko da yaushe a cikin mutane yake, daga farkawa har barci.

Na farko: ɗan lokacin da ba kowa a kansa

Awa ɗaya a rana takan ishe shi. Wani yakan zauna a masallaci tsakanin azahar da la'asar bayan kowa ya watse. Wani bayan asuba yake zagayawa bayan kara ya zauna shi kaɗai kafin motoci su fara shigowa. Wani kuma ya sa abin sauraro a kunne ya juya fuska bango. In ka gan shi a haka, ka yi sallama ka wuce. Abin da ke gajiyar da shi shi ne a bi shi da “lafiya kuwa?”, “wa ya taɓa ka?”, “ko gida ne ba lafiya?” har sai an tilasta masa ya ƙirƙiro dalili. Ba shi da dalili. Hutawa yake yi, kuma in aka bar shi ya huta, da yamma za ka same shi da sakin fuska.

Masu ɗaki ɗaya za su iya yin yarjejeniya mai sauƙi: daga ƙarfe kaza na dare a rage sautin waya, mai kallo ya sa abin kunne, mai doguwar hira da budurwa ya fita waje. Wannan ba shi kaɗai zai amfana ba, har da wanda zai tashi ƙarfe huɗu ya tafi mayanka.

Na biyu: kayansa su zauna inda ya ajiye su

A ɗakin samari komai na kowa ne: caja, silifas, sabulu, man shafawa, har riga ranar Juma'a. Mai tsari ba rowa ce ke sa shi ɓata rai ba. Sau da yawa in ka tambaye shi zai ba ka, har ya ƙara maka da wani abu. Abin da ke ci masa rai shi ne ya miƙa hannu inda ya ajiye abu da daddare ya tarar ba ya nan, ya ɓata rabin awa yana nema, kowa yana cewa bai gani ba. A wurinsa safiyar ta riga ta lalace.

Maganin kalma biyu ne: tambaya, da mayarwa. Addininmu ma ya koya mana neman izini. A Suratun Nur an yi umarni da shi kafin shiga gidan wani, har yaran gida an ce su nemi izini a wasu lokuta uku na yini. In haka ne a kan ƙofa, to jakar mutum da akwatinsa fa? Kuma idan ya sa wa akwatinsa kwaɗo, kada wani ya ce an mai da shi ɓarawo. Akwatin nan shi kaɗai ne wurin da ya mallaka a duk faɗin garin. Akwai ma abin da bai kamata a yi aronsa ba ko da an yarda, kamar reza da abin yankan farce da buroshin haƙori, don ta hanyar jini ake ɗaukar ciwon hanta da cuta mai karya garkuwar jiki. A nan mai ƙyanƙyamin ne ke da gaskiya.

Na uku: a faɗa masa tun da wuri

“Tashi mu je Mile 12 yanzu-yanzu.” “Ga baƙi nan uku, a ɗakinku za su kwana.” “Kai za ka bi motar nan Arewa, ta kusa tashi.” Mu mun saba da irin wannan, wasunmu ma daɗinsa suke ji. Shi kuwa tun daren jiya ya riga ya tsara yau a kansa: zai karɓo bashi wurin wane, ya biya ta banki, ya wanke kaya kafin ruwa ya sauko. In ka rushe masa wannan ba sanarwa, zai bi ka don kunya, amma ransa a dagule.

Gwada faɗa masa da daddare ka ga bambanci. Tirelar shanu daga Potiskum ko Maigatari kwanaki take yi a hanya kafin ta iso Legas. In ka sanar da shi da wuri cewa shi zai yi rakiya, za ka tarar ya tanadi igiya, tocila, takardun haraji a leda don kada ruwa ya jiƙa su, da canjin da za a riƙa miƙawa a hanya. Wanda aka fizgo daga majalisa ba zai tuna ko ɗaya ba. Ba kullum ake samun damar sanarwa ba, kowa ya sani, kasuwa ba ta jira. Amma inda da hali, kira ɗaya ya wadatar.

Na huɗu: magana ƙarara a kan kuɗi

A nan aka fi saɓawa da su, kuma a nan muka fi buƙatarsu. Cinikin shanu a Kudu kusan duk a kan bashi yake tafiya. Mahauci ya ɗauki sa yau, ya ba da wani abu, sauran sai ya sayar da nama. Dillali yana jiran la'adarsa, mai shanu yana Arewa yana jiran kuɗinsa. Duk wannan muna son mu riƙe shi da “ba komai, ai mun saba” da “za mu daidaita”. Mai tsari ba ya iya zama da “za mu daidaita”. Yana son ya ji nawa ne, yaushe ne, wa ya shaida.

Babana fataucin shanu yake yi, kuma akwai wani bawan Allah da ya daɗe tare da shi wanda muke kira Kawu. Ba ya shiga ciniki, ba ya ɗaga murya. Aikinsa littafi ne irin na 'yan makaranta, ya ja layuka da biro: rana, irin san, ko bokolo ne ko rahaji, alamar da ke jikinsa, sunan mahaucin da ya ɗauka, abin da ya bayar, abin da ya saura. Samari suna yi masa dariya suna ce masa akanta. Wata shekara wani mahauci da muke hulɗa da shi ya rasu ba zato, 'ya'yansa suka ce mahaifinsu ya gama biya. Kawu bai yi musu da kowa ba. Ya kawo littafin gaban shugabannin mahauta, aka bi layi-layi, aka ga ranakun da marigayin ya biya da abin da ya rage, har da wani biya da mu kanmu a baki mun manta an yi. Da suka ga littafin bai ɓoye abin da ke wajensu ba, suka yarda da abin da ke kansu. Da ba don shi ba, ko dai mu yi asara ko mu ci haƙƙin marayu.

Haka aka gani a farkon 2023 lokacin da aka canza takardun naira, tsabar kuɗi ta yi wuya, ciniki ya koma tiransifa. Masu cewa “Alhaji ka yi haƙuri, bari in ga sun shiga tukuna” an ce sun cika tsanani, amma su ne ba a cuta da alat na bogi ba. Kuma kada mu manta, ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take. Don haka in abokin hulɗarka ya ciro biro, kada ka ce bai yarda da kai ba. Kai ma yana kare ka ne. In kuma shi ke maka aiki, ka yanka masa albashi ko kaso a fili, da ranar biya. “Zan riƙa ganinka” ba ya kwantar masa da hankali, kuma ba zai iya zuwa yana tuna maka kullum ba. Zai yi shiru har ranar da zai tafi.

Na biyar: lokacin tunani, da gyara a keɓe

A taron ƙungiya ko na masallaci, mai ƙarfin murya shi ke tafiya da magana. Mai shiru yana nan yana sauraro, yana lissafi, amma kafin ya gama haɗa abin da zai ce an riga an shafa fatiha. Shugaban da ya san aikinsa yakan kira sunansa ya ce, “Malam, kai me ka gani?” ko ya same shi bayan taro su biyu. In ya ce “bari in yi tunani zuwa gobe”, ba ƙi ya yi ba, kuma goben zai zo da amsa. Idan ya ce eh, to eh ɗin ce, ba sai an bi shi ba.

In ya yi kuskure, a ja shi gefe. Tsawa a gaban jama'a, wadda wani zai share kafin magariba, shi yakan riƙe ta wata da watanni. A faɗa masa takamaiman abin da ya ɓata da yadda ake so, ba habaici ba, don habaici wahalar da shi kawai yake yi. Wajen rabon aiki kuma, a sa shi inda zai yi amfani: littafi, sito, karɓar kuɗi, lissafin lodi. Jan mai saye da zaƙin baki a bar wa masu shi. Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Matan da ke cikin gida

Abin ya fi tsanani a kan mata, don namiji ko ba komai zai fita. Yarinya ce aka ɗauko daga Katsina ko Azare aka kawo ta ɗaki ɗaya a gidan haya, madafa ɗaya, banɗaki ɗaya da mata takwas. In mai shiru ce, ba a mako biyu an sa mata suna: amaryar wane ba ta shiga mutane, tana ganin ta fi kowa. Ta jera tukwanenta ta dawo ta tarar an ɗauki ɗaya, in ta yi magana a ce daga zuwanta. Miji ya dawo da abokai biyar ba sanarwa ya ce a zubo abinci, in ya ga fuskarta ta canza ya ce ba ta son mutanensa.

Maigida, kai ne garkuwarta. Ka kira ta tun da rana ka ce kana tafe da baƙi. Ka ba ta kuɗin cefane a ƙayyade, za ka sha mamakin yadda za ta juya su. In 'yan'uwanka suka kawo ƙorafi, ka ce musu haka Allah ya yi ta, ba raini ba ne. Aure nawa ne ya mutu a zango ba don wani laifi ba, sai don an kasa gane wannan? Yara ma haka. Yaron da ya fi son zama gefe yana gyara abin wasansa ba dolo ba ne, kada a riƙa tura shi tsakiyar fili ana kwatanta shi da ɗan'uwansa mai surutu.

Su ma da nasu

Ba zan rufe ba tare da na juyo kan masu wannan hali ba, don zama a Kudu yana da sharaɗin da ba ya duba halin kowa. A nan jama'a ita ce katangarka. Ranar da aka yi kame, wanda aka sani shi ake zuwa beli. Ranar da rikici ya tashi, kamar na kasuwar Shasha a Ibadan cikin Fabrairun 2021, inda mutane da dama suka fake a gidan Sarkin Sasa, wanda ake tunawa da shi shi ake nema a ga ko ya tsira. Wanda ba ya gaida kowa, ba wanda zai lura ba ya nan.

Saboda haka ɗan'uwa, ba a ce ka zama ɗan majalisa ba, amma akwai abin da ba ya faɗuwa: sallama da gaisuwa, sallar jam'i, duba mara lafiya, ta'aziyya, kuɗin ƙungiya. Ka je suna ko ɗaurin aure ko da minti ashirin ne, a gan ka. Ka gaida maƙwabtanka Yarabawa ko Ibo da harshensu ko da kalma biyu ce. Sannan ka koyi faɗin abin da ke damunka tun yana ƙarami. “Don Allah in ka ɗauki cajata ka mayar nan” ya fi ka haɗiye wata shida sannan ka fashe. Ka kuma sani ba kowane mai hargitsi ne mara amana ba. Wani dai haka aka yi shi, kamar yadda aka yi ka.

Shirun da ba na hali ba

Akwai bambancin da ya wajaba mu riƙe. Mai shiru na asali haka yake tun fil azal, yana cin abincinsa, yana aikinsa, yana tsaftarsa, in an yi abin dariya ya yi. Wanda kuwa da mai fara'a ne sai ya janye farat ɗaya, ya daina cin abinci, barci ya ƙaurace masa, ya bar wanka da aiki, ko ya fara maganar ya gaji da rayuwa, wannan ba miskilanci ba ne. Yana iya zama ciwon damuwa, ko bashi ya danne shi, ko ya faɗa shaye-shaye. Shi kada a bar shi shi kaɗai. A zauna da shi, a sanar da danginsa, a haɗa da addu'a a kai shi asibiti. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Yaba ta Legas, da Aro a Abeokuta, da Uselu a Benin, da Enugu da Kalaba, kuma ba sai mutum ya haukace ake zuwa ba. Shi kansa mai shirun asali yana iya kamuwa, kuma nasa ya fi wuyar ganewa. Alamarsa ita ce ka ga tsarin nan nasa ya fara warwarewa.

Zango ba ya tafiya da masu baki kaɗai. Dillali yana buƙatar mai littafi, mai littafi yana buƙatar dillali. In akwai irin wannan mutum a ɗakinku ko shagonku ko gidanku, gwada abu ɗaya a wannan makon: ka mayar masa da abin da ka ara inda ka ɗauka, ko ka sanar da shi shirin gobe tun yau. Mai yiwuwa ba zai ce komai ba, amma ya gani, kuma irinsu ba sa mantuwa. Allah ya ba mu haƙurin zama da juna, ya tsare mu a inda muke neman halal ɗinmu.